Irin Geron da Na Kai Tanut

Jiya da hantsi na fasa bakin tulun iri. Haka nake yi duk shekara in bazara ta zo ƙarshe, kuma bi da bi nake yin sa: in share tsakar gida, in shimfiɗa tabarma, in ɓantare yumɓun da na liƙe bakin tulu da shi, in zazzage geron, sannan in ɗauki faifai in bakace tokar da aka cuɗa shi da ita don ƙwari. Gabas ta fara yin duhu da la'asar kwana uku ke nan. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Damargu ya san abin da ya rage.

Ina cikin bakace sai ga Nuhu, ɗan ƙanena, ya yi sallama. Shekarunsa talatin da ɗaya, yana da mata da 'ya'ya biyu, yana da takardar lakwal, wato ta makaranta, da ta fi tawa nesa ba kusa ba, kuma bana shekararsa ta huɗu ke nan ba aiki.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wani aiki ya fito a Tanut. Na tura takarduna ta waya, amma an ce in ba ka da wanda zai tsaya maka, banza ne. An nuna mini wani mutum. Ina so in je in gaishe shi, to ba na son in je hannu rabbana."

Yana magana, idonsa na kan tabarma.

Na ce, "Ɗauke idonka daga geron nan. Zauna."

Ya zauna. Abin da na gaya masa shi ne zan rubuta a nan, yadda ya faru, ba tare da na tsallake ko ɗaya ba.

Ni ma na yi aiki. Shekara tara ina riƙe da mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ta wani furoje, wato shirin taimakon noma, a Belbeji. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da rubutu mai kyau, kuma ban taɓa barin buhu ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango ba. Ran nan furoje ya ƙare. Aka karɓi makullai, aka ba ni hannu, aka ce in je gida za a neme ni. Na kwashe iyalina na koma ƙauyenmu a gefen kwarin Tarka, na kama gonar mahaifina.

Shekarar farko ina tashi da asuba in goge rigata ta aiki da dutsen guga na gawayi, in rataye, ko da za a aiko. Shekara ta biyu na ninke ta na sa a akwati. A ta uku mutane suka daina ce mini Mushe, laƙabin girma na ma'aikata, suka koma Isufu kawai. Duk inda na ji an ce ana ɗaukar ma'aikata sai na kai dosiye: Belbeji, Tanut, har Damagaram sau biyu. Wanda bai taɓa haɗa dosiye ba bai san wahalarsa ba. Akwai takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta jastis, wato kotu, mai shaida ba ka taɓa shiga kaso ba, da ta likita, da hotuna, da wasiƙar neman aiki da za ka rubuta da hannunka ka manna mata tambur, wato kan sarki. Ta jastis da ta likita wata uku suke yi su mutu, sai an sake. A cikin shekara shida likita ya shaida lafiyata lau har sau bakwai, jastis ya shaida ni ba ɓarawo ba ne sau bakwai. Ba wanda ya taɓa amsa mini ko da a'a.

Shekara ta shida ita ce mai wuyar. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, abin da ya tsira tsuntsaye suka raba da mu. Ɗan abin da muka sa a rumbu bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Da bazara ta shigo, ga yadda yini yake a gidana. Da asuba mai ɗakina Hassana ta bi mata daji ɗebo anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da sai an jiƙa su ana zubar da ruwan kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ni in ɗauki jarka in nufi rijiya, in bi layi bayan raƙuman Buzaye da shanun Fulani, shanun da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Warin mushe ba ya barin bakin rijiyar. Da hantsi rairayi ya yi zafin da ko takalmi ba ya tare shi. Da azahar kowa ya kwanta a inuwa, ba don barci ba, don kada motsi ya ƙara yunwa. Bayan la'asar a ci abinci, sau ɗaya: anza da ganyen jiga, in an yi sa'a da ɗan garin da aka samu. Yaranmu uku a lokacin. Ƙaramar tana ci tana kuka, ta ce yana cizon harshe.

Duk wannan, a ƙarƙashin gadon Hassana akwai tulu da tiya goma na gero a ciki. Iri ne. Ba wanda ya taɓa ko kallonsa da niyyar ci. Daga mahaifina na gaje shi, shi ma daga nasa. Kowace kaka kafin a yi girbi ake shiga gona a zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ɗaya bayan ɗaya, a ware ta daban. Gajeren gero ne, ƙwayarsa ƙanana, ba shi da kyan gani, amma yana nuna da wuri. Daminarmu gajera ce. Geron da ake kawowa daga kudu in ka shuka shi a nan sai ya yi ta tsawo yana ganye, ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba.

Ana cikin haka sai saƙo ya zo ta motar kasuwa daga Mamman, direban da muka yi aiki tare a Belbeji, wanda ya koma Tanut yana tuƙa wa wani sabon furoje. Ya ce suna neman mai riƙon mangaza, in zo maza da dosiye. Ya ƙara da cewa wani Mushe Garba ne ke tace takardu kafin su kai gaban shef, shugaban furojen, kada in zo masa hannu rabbana.

Akuya ɗaya ta rage mana. Na sayar, ta tafi a sabunta takardu da kuɗin mota. Saura gaisuwa. Na duba gidan kaf, ba kaza, ba zabo, ba ko tabarma sabuwa. Na kwana biyu ina tsara maganar a raina, sannan na sami Hassana tana tsame anza.

Na ce, "Ki fito mini da tulun nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wane tulu, Malam?"

"Kin sani."

"Na sani. So nake in ji ka faɗa da bakinka."

Na jera mata hujjojina. Na ɗaya, ruwa da saura wata guda ko fiye. Na biyu, babu wanda ya fi ni sanin aikin mangaza a duk Damargu. Na uku, in na sami aikin, albashin farko zai sayi iri ya sayi abinci. Na huɗu, mutanen birni suna son geron ƙauye tsabtatacce don fura.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Na biyar fa? In ba a ba ka ba?"

"Za a ba ni."

"Wata huɗu ina kwana a kan geron nan yarana suna kukan yunwa, ban buɗe ba. Yanzu ka ce in buɗe don matar wani ta sha fura."

Na ɗaga murya, abin da ba na yi. Ta tashi ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta jawo tulun da kanta. Ta juye shi a buhun da ta yi wa faci da ƙyallen tsohon zanenta shuɗi, ta ɗinke bakin. Ba ta rage ko tafin hannu ba. Ta ce, "Ga shi duka. Kada gobe ka ce don na rage ne aka hana ka."

Na isa Tanut da azahar a bayan motar kasuwa, buhu a tsakanin ƙafafuna, dosiye a cikin riga. Garin kamar an kifa masa tukunya mai zafi. Ruwa sai an saya wurin masu kura da jakuna. Mamman ya sauke ni a zaurensa, ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da sunan aikina na da, ya ce, "Kai, Magaziniye, kai ne ka koma haka? Wuyanka kamar na zabo. In iska ta taso ka riƙe ginshiƙi."

Na ce, "Kai kuma cikinka ya riga ka shiga mota."

Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini shinkafa da wake. Na ci rabi, na kasa ƙarasawa. Ina tauna ina jin muryar ƙaramar 'yata.

Washegari da safe muka je gidan Mushe Garba. Gida ne na siminti, da ƙofar ƙarfe, da fili a gaba kafin a kai cikin gida. Ya fito yana goge baki, mutum mai sheƙi, yana ƙamshin turare. Na durƙusa na gaishe shi, alhali na girme shi. Na ce ga ɗan geron fura na kawo wa iyali, na gonar gado ne. Bai ko dubi buhun ba. Ya ce, "A kai ciki. An gode. Ka zo biro."

A biro, ofishin furojen, na tarar da maza sun fi arba'in a jikin bango suna bin inuwa, kowa da dosiye a hammata. Falanto, ɗan aiken biron, ya karɓi namu ya tara a kan benci, ya ɗora dutse don iska. Bayan kwana biyu aka kira mu biyar. Mushe Garba ya ce shef ba ya yarda da takarda, aiki yake son gani da ido. Akwai tsohuwar mangaza a bayan gari da furoje ya gada, za a kawo kaya cikinta. Mu je mu gyara, wanda ya fi iyawa shi za a ɗauka. Gwaji ne, ba biya.

Na ji daɗi a raina, domin in dai aiki za a duba, na san na gama da su.

Da aka buɗe ƙofar mangazar nan, mutum biyu suka koma baya suna toshe hanci. Buhunan dawa ne da na wake jibge a ƙasa, wasu a jikin bango, an bar su shekara da shekaru. Na ƙasa sun ruɓe sun zama baƙin laka, sun bushe, sun sake jiƙewa. Na sama ƙwari sun mai da su gari, in ka taɓa buhu sai ya fashe ya tashi kamar hayaƙi. Ɓeraye sun haihu a ciki sun mutu a ciki. Kashin jemage ya kai idon sawu. Na tsaya ina kallon abincin da zai riƙe ƙauyenmu har kaka, an kulle shi an bar wa ɓera, mu kuwa muna can muna wanke ɗacin anza. Na fita na yi amai a bayan gini. Babu abin da ya fito sai ruwa.

Sannan na koma na tsara aikin. Da farko a fid da komai waje, a ware mai ɗan dama da ruɓaɓɓe. Bayan nan a kankare ƙasa, a share, a toshe ramukan ɓera da fasassun kwalabe da laka. Sai a hau sama a liƙe hujin kwano. Daga ƙarshe a shimfiɗa katako, a jera buhu a kai, a bar taku ɗaya tsakaninsa da bango. A kwana na uku mutum ɗaya bai dawo ba. A na biyar tari ya kwantar da wani. A na takwas muka rage ni kaɗai, sauran sun ce su ba jakai ba ne.

Kullum kafin in tafi mangaza sai na biya ƙofar Mushe Garba na gaishe shi, kamar yadda ake yi. Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Malam Isufu, shef yana jin labarinka. Gobe in Allah ya so." Shef bai taɓa takowa mangazar ba. Ban ma san kamanninsa ba.

A kwana na sha biyu, da la'asar, iska ta tsaya cak. Zafi ya yi nauyi, gumi ba ya bushewa. Na fito ƙofar mangaza na ga gabas ta yi ja, bayan jan kuma baƙi. Iska ta zo da rairayi ta rufe gari, kwanon rufi yana ƙara kamar zai tashi. Sai ɗigo na farko ya faɗo, mai girma, ya bar tabo a ƙasa. Kafin a jima ruwa ya kece. Ban taɓa zaton zai zo da wuri haka ba. Na koma ciki na bi kusurwa huɗu ina duba rufi, ko ɗigo bai zubo ba, har na ji alfahari. Sannan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta ƙofa, sai na tuna gida. Yamma hadarin ya nufa, wajenmu. A rairayinmu, in aka yi ruwan shuka, kwana uku kake da shi kafin laima ta gudu ƙasa. Na ga Hassana a raina tsaye bakin gona, ga sungumi, ga tulu ba komai.

Da gari ya waye Tanut ta zama kamar an yi gudun hijira. Kowa ya fita gona, har masu sayar da ruwa. Ana jin waƙar mata daga bayan gari. Ni na sa rigata ta akwati na nufi biro. An manna takarda a ƙofa. Suna ɗaya ne a kai, kuma ba nawa ba ne, ba kuma na ɗaya daga cikin mu biyar ba.

Mamman ya ja ni bayan mota. Ya kasa kallon idona. Ya ce, "Ƙanen matar Mushe Garba ne. Wallahi jiya na ji. An ce tun kafin a yi shela aka rubuta sunansa."

"To gwajin fa?"

"An ware abin da za a biya leburori su gyara mangazar." Ya bubbuga aljihunsa. "Ka gane."

Na gane. Muna nan tsaye sai ga wanda aka ba aikin a kan moto, wato babur, da tabarau, da takalmi fari. Ya miƙo hannu ya ce, "Tsoho, kai ne mai sharar? Makulli." Na ba shi. Ya ce in na sami lokaci in zo in nuna masa yadda ake jera buhu.

Ban san abin da zan ce wa Mushe Garba ba, amma ƙafata ta kai ni gidansa. Ƙofar ƙarfe a buɗe take. Na yi sallama na shiga filin gaba. A can gefe akwai rumfa da ban lura da ita ba ran farko, a ƙarƙashinta an ɗaure wani farin rago a turke, ƙato, wuyansa har ninki yake yi, ana kiwonsa tun yanzu don Layya. Kansa na cikin daro. A jikin ginshiƙin rumfar an jingine buhu, bakinsa a buɗe, da facin shuɗin ƙyalle.

Na matsa na leƙa daron. Dusa ce aka cuɗa da gero. Ƙananan ƙwaya, masu launin toka. Ragon yana turawa da hanci, rabi na zubewa a rairayi, yana takawa, ga kashinsa a ciki. Geron da mahaifina ya bi gona yana zaɓa da hannu. Geron da 'yata ta kwana kusa da shi da yunwa wata huɗu.

Matar gidan ta leƙo daga ƙofar ciki. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, geron fura ne na kawo."

Ta ce, "Au, kai ne? Ai warin toka yake yi, ga shi ƙanana. Mu na kudu muke sha. Amma ragon yana so, ka ga yadda ya murje."

Na ɗaga buhun. Bai fi kashi ɗaya cikin uku ba ya rage. Na kama bakinsa na murɗe.

Daidai nan Mushe Garba ya fito, yana ɗaura agogo. Ya ce, "A'a, Malam Isufu. Ka yi haƙuri, abin daga sama ya zo. Wani karon kai ne na farko." Sai ya ga buhun a hannuna. "Me kake yi?"

"Kayana zan ɗauka, Mushe."

"Kayanka? Ba kyauta ka kawo ba?"

"Kyauta na kawo."

Ya yi dariya, ya waiwayi matarsa, ya waiwayi maƙwabta biyu da suka tsaya a ƙofa. "Jama'a ku zo ku gani. Dattijo da furfura, ya ba da kyauta ya dawo karɓa. A garinku haka ake yi? Ko yaro ba ya wannan. Za a ji fa, har ƙauyenku za a ji."

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu abin da ka bayar ya tafi. Ko maƙiyinka ka ba, ba ka waiwaya. Mahaifina da yana raye da ya gwammace ya ci ƙasa. Na ji kunya ta hau ni tun daga ƙafa har kunne. Na kusa ajiye buhun. Sai ragon ya ɗago kai yana tauna, gero na zuba daga gefen bakinsa.

Na ce, "A ji."

Na durƙusa a gaban ragon nan da rigata ta aiki. Na janye daron, na juye a gefen rawanina, dusa da yawu da komai. Sannan na bi rairayi ina tarawa da tafin hannu, ina tsince kashin ina yarwa. Ragon ya ja da baya ya tunkuyi kafaɗata, na faɗi gefe, mutanen ƙofa suka fashe da dariya. Na tashi na ci gaba daga inda na tsaya, layi layi, har na kai turke. Mushe Garba yana ta faɗa a kaina, wai muddin yana garin nan ko gadi ba zan samu ba. Da na gama na ɗaure rawanin, na saɓa buhu, na ce musu sai an jima, domin ban ga dalilin barin sallama ba. Dosiyena na bar musu.

Mamman bai yi mini ba'a ba wannan karon. Ya nemo mini motar da za ta Belbeji, ya cusa mini ƙullin garin rogo a aljihu don yara. Motar ta kafe a laka sau biyu. Daga Belbeji na taka da ƙafa. Na isa gida da hantsin kwana na uku bayan ruwa. Duk gonakin da na wuce an shuke, sawun diddige a jere. Tamu ce kaɗai fayau.

Hassana tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta dubi rigata, ta dubi buhun. Ba ta tambayi aiki ba. Na kwance rawanin a gabanta, ta kai hanci ta janye.

Ta ce, "Wannan fa?"

"Rago ne ya rage."

Ta tashi ta ɗauko rariya da faifai. Ta tankaɗe rairayin, ta bakace dusar, ta auna. Tiya uku da ɗan kai. Ta ce, "Ɗauki sungumi, rana na yi."

Ni ina sara, ita tana bina tana jefawa tana rufewa da ƙafa. Inda aka saba zuba ɗan tsunkule a rami, ita ƙwaya huɗu take ƙirgawa. Sai na sara da zurfi kafin in tarar da laima. Ba mu huta da azahar ba. Muka shuke gefen kwari, inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, sauran gonar muka bar wa ƙarangiya. Bayan nan kwana tara ba ko gajimare, kullum da safe in je in duba tsiron yana lanƙwashewa. A na goma ruwa ya dawo.

Abin da muka girbe bai ciyar da mu shekara ba, na yi ƙwadago a gonakin mutane, na yi dako a kasuwa. Amma kafin girbi na shiga gona na zaɓi zangarniya, tulu ya sake cika. Labarin kuwa ya riga ni isowa, kamar yadda mutumin ya ce. Har yau a kasuwar Belbeji akwai tsofaffin da in na ba wani goro sai su ce masa, "Yi maza ka tauna kafin ya dawo." Ban sake haɗa dosiye ba. Rigar nan Hassana ta yanka ta yi wa yara.

Da na kai nan, Nuhu yana ta juya wayarsa a hannu. Mu a lokacinmu akwai ƙofar da za ka je ka tsaya a rana, ka ga fuskar wanda ya hana ka. Su yanzu suna tura takarda cikin waya, ba su san ma inda take faɗawa ba. Ban san wanne ya fi ba.

Ya ce, "To Baba, in je ko kada in je?"

Na ce, "Je. Kana da iyali, kuma ka yi karatu. In ana son wasiƙar hannu, kawo takarda in rubuta maka, rubutunka kamar sawun kaza. In sai ka kai gaisuwa, ga zakara can, kama. In suka ce gwaji, ka tambayi ranar gamawa da wanda zai duba, a gaban mutane."

Sannan na ɗauki tiya na cika ta har ta yi tozo, sau biyu, na juye masa a ƙyalle na ɗaure.

"Wannan na gonarka ne. Ka kai wa matarka ta ajiye, ruwa na sauka ku shuka, sannan ka hau mota. In na ji ƙwaya ɗaya ta shiga Tanut, ni da kaina zan biyo ka in karɓo. Na san hanya, kunyar kuma na riga na gama jin ta."

Ya yi 'yar dariya, yana zaton wasa nake.

Daga madafa Hassana ta ɗaga murya, ba ta ko leƙo ba. "Kada ka yi dariya, ɗana. Zai yi."